Tambayar wata ɗaliba ta hana malamai barci: an ba Isra'ilawa ƙasar duka, ko da saura?

Malama Rifkatu: Salama gare ku jama'a, ku gafarce ni da dogon rubutu da daddare. Yau ina koyar da 'yan aji biyar darasin Joshuwa, na karanta musu ƙarshen sura 21, aya 43 zuwa 45, inda aka ce Ubangiji ya ba Isra'ila dukan ƙasar da ya rantse wa kakanninsu, suka mallake ta suka zauna a ciki, kuma ko ɗaya cikin alkawaransa bai faɗi ƙasa banza ba. Na ce musu ga shaidar amincin Allah nan a fili. Sai wata yarinya da ke zama can baya kusa da taga, wadda in ba dole ba ba ta magana, ta ɗaga hannu. Ta buɗe Littafinta a inda ta sa takardar alawa ta yi alama, ta ce, "Malama, to me ya sa a sura 13 Allah da kansa ya ce wa Joshuwa ka tsufa, ga shi kuwa da sauran ƙasa da yawa da ba a ci ba?" Ƙararrawa ce ta cece ni. Na ce mata sai Alhamis. Yau Talata. Ku taimake ni.

Malam Bitrus: Yarinyar nan a ba ta kyauta ranar taron yaye. Ni amsata gajeriya ce, ba a cika alkawarin a zamanin Joshuwa ba. Ni malamin labarin ƙasa ne, da taswira nake magana. A Farawa 15:18 an ce wa Ibrahim daga kogin Masar har babban kogi Yufiretis. Inda Isra'ilawa suka zauna kuwa, Littafin da kansa yakan ce daga Dan zuwa Biyersheba. Wannan kusan kilomita 240 ne, bai fi Kano zuwa Kaduna da wani abin kirki ba. Yufiretis yana can ɗaruruwan kilomita a arewa maso gabas. Ina aka haɗu?

Baba Istifanus: Bitrus, ka faye sauri. Bari in ba ka labarin gidanmu. Mahaifinmu kafin ya rasu ya kira ni da ƙanena, ya zaga da mu gona da ƙafa. Ya ce daga tsamiyar nan zuwa rafi, daga rafi zuwa gindin ɗorawa, naku ne. Dagaci yana wurin, shaidu suna wurin. Muka nome ɓangaren da ke kusa da gida, don nan ne ƙasa ta yi laushi. Can wajen rafi kuwa akwai kututture da ƙaya, muka ce sai baɗi. Baɗi ta zo muka ce sai wata baɗin. Ni na tafi makarantar horon malamai, ƙanena ya shiga soja. Da muka dawo wani ya yi shekara tara yana shuka rake a wurin. Yanzu ka gaya mini, Baba bai ba mu gonar ba ne? Ya ba mu. Mu ne ba mu share ba. Bayarwa daban, shiga a mallaka daban. Ka duba Joshuwa 18:3, a Shilo, kabila bakwai ba su karɓi rabonsu ba tukuna, Joshuwa ya tambaye su har yaushe za su yi ta sanyin jiki ba su shiga ƙasar da Allah ya riga ya ba su ba. Ka lura, "ya riga ya ba su".

Malam Bitrus: Ranka ya daɗe, labarin ya yi daɗi, amma akwai inda ya ƙi zama. Mahaifinku bai ce shi zai tumɓuke muku kututturen ba. Allah kuwa ya ce shi zai kori mazaunan ƙasar. A wannan sura 13 ɗin ma, aya 6, ya ce ni da kaina zan kore su. To in mai bayarwa ya ɗauki nauyin sharewa, kuma ba a share ba, laifin wa?

Baba Istifanus: Ya ce zai kore su, amma ya faɗi yadda. Fitowa 23:29 da 30, ba zai kore su a shekara ɗaya ba, don kada ƙasar ta zama kufai namun jeji su yi musu yawa. Kaɗan kaɗan, har su hayayyafa su cika ta. Duk manomi ya san wannan, gonar da ta fi ƙarfinka ciyawa ce ke gadonta. Kuma nan take ya kafa sharaɗi, kada su ƙulla yarjejeniya da mutanen ƙasar ko gumakansu. Suka ƙulla. Shi ya sa a Mahukunta sura 2 mala'ikan Ubangiji ya tsare su a Bokim ya ce tun da ba ku ji ba, ni ma ba zan kore su ba. Suka yi ta kuka.

Malam Bitrus: To Mahukunta 1:19 fa? An ce Ubangiji yana tare da Yahuza, suka ci ƙasar tuddai, amma suka kasa korar mazaunan kwari saboda suna da karusan ƙarfe. Ba a ce sun ƙi ba. An ce sun kasa. Kuma jerin kabilun da ba su kori mazaunan rabonsu ba yana da tsawo. Biliyaminu bai kori Yebusiyawa daga Urushalima ba. Manassa bai ci Bet-sheyan da Magiddo da Dor ba. Ifraimu ya bar Gezer. Ashiru ya bar Akko da Sidon. Dan kuwa Amoriyawa suka matse shi a kan duwatsu, har daga baya ya kwashe ya yi arewa ya ci Layish, garin da ba ya cikin rabonsa. Duk filin noma mai kyau da bakin teku yana hannun wasu.

Malama Rifkatu: A nan kam zan iya sa baki. Maganar karusan ƙarfe ta taso tun Joshuwa yana raye, sura 17. 'Ya'yan Yusufu suka kawo masa ƙorafi da ita, ya ce musu za ku kore su ko da suna da karusan. Kuma a Mahukunta 4, Sisera yana da karusan ƙarfe 900, Debora da Barak suka gama da shi. Ashe ba ƙarfen ne matsalar ba. Ayar da ta fi tona musu asiri ita ce Mahukunta 1:28. Da Isra'ila suka yi ƙarfi, maimakon su kori Kan'aniyawa sai suka sa su aikin gandu. Sun ga riba.

Malam Bitrus: Na karɓi wannan. Amma ki lura, Malama, kin bayyana mini dalilin da ya sa ba a mallaka ba. Ba ki bayyana mini dalilin da ya sa sura 21 ta ce an mallaka ba. Tambayar yarinyar ke nan.

Kofa Ishaku: Barkanku da dare iyayena. Ni ina tare da Malam Bitrus a rabi. Ba a cika ba, gaskiya ne, amma ba don alkawarin ya faɗi ba, don lokacinsa bai yi ba ne. Baba, da girmamawa, kuna haɗa alkawari biyu. Na Musa a Sina'i yana da sharaɗi. Na Ibrahim ba shi da shi. Ku duba yadda aka yi a Farawa 15. Aka kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara uku, da kurciya da ɗan tattabara. Aka tsaga dabbobin biyu biyu aka jera. A al'adar lokacin masu alkawari su biyu ne ke ratsawa ta tsakiya, wato in na saɓa a yi mini kamar dabbar nan, Irmiya 34:18 ya nuna haka. Amma Ibrahim barci mai nauyi ya ɗauke shi. Tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne kaɗai suka ratsa. Allah shi kaɗai ya sa hannu. To ta yaya zunubin jikoki zai warware abin da kakansu ma bai sa hannu a kai ba? Har Yufiretis ɗin nan sai an kai wata rana.

Malam Danladi: Kofa, an kai ai. 1 Sarakuna 4:21, Sulemanu ya yi mulkin dukan mulkoki daga Kogin Yufiretis har ƙasar Filistiyawa da iyakar Masar, suna kawo masa gaisuwa. Dawuda ne ya share masa hanya, shi ya ƙwace Urushalima daga Yebusiyawa, ya ci Suriyawa har ya sa sojoji a Dimashƙu. Gezer ɗin da Bitrus ya ambata ma ta zo hannu, ko da yake ta wata hanya mai ban dariya. Fir'auna ne ya ƙone ta ya ba 'yarsa, matar Sulemanu, a matsayin gara. Kuma ranar keɓe Haikali, 1 Sarakuna 8:56, Sulemanu ya maimaita maganar Joshuwa, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba.

Malam Bitrus: Danladi, kai malamin tarihi ne, ka san karɓar haraji ba gado ba ne. Sarkin da ake kai wa gaisuwa duk shekara bai mallaki gonakin masu kawo ta ba. Ka sauka aya huɗu kawai, 4:25, za ka ga inda Yahuza da Isra'ila suka zauna kowa a gindin inabinsa da ɓaurensa: Dan zuwa Biyersheba. Shi ke nan dai. Taya kuwa tana hannun Hiram, abokin cinikin Sulemanu ne ba talakansa ba, har Sulemanu ya ba shi garuruwa 20 a Galili, ya je ya gani ya raina. Dimashƙu ma Rezon ya ƙwace ta Sulemanu yana kan gado, sura 11. Mulkin bai yi ƙarko ba.

Kofa Ishaku: Yauwa Malam.

Malam Bitrus: Kada ka yi saurin yauwa, ba hanya ɗaya muke ba. Kai kana jira ne, ni tambaya nake.

Malam Danladi: To bari in kawo abin da ni nake gani shi ne bakin zaren. Muna karanta Joshuwa 21 kamar rahoton mai safiyo, alhali mutanen wancan zamani ba haka suke rubuta labarin nasara ba. Akwai wani dutse a gidan tarihi na Alƙahira, na Fir'auna Mernefta, wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu, Flinders Petrie ya tono shi a 1896. Shi ne rubutu mafi tsufa a wajen Littafi Mai Tsarki da ya ambaci sunan Isra'ila. Me ya ce? Wai an hallaka Isra'ila, irinsa ya ƙare. Ga shi kuwa ba su ƙare ba. Haka sarakunan lokacin ke magana, Masar da Assuriya duka. "Duka" da "ko ɗaya bai ragu ba" harshen nasara ne. Littafin Joshuwa ma ya nuna ya san da haka. A sura 10 an ce an ci Hebron ba a bar kowa ba. A sura 14 ga Kalibu yana da shekara 85 yana roƙon a ba shi Hebron ɗin, a sura 15 ya je ya kori 'ya'yan Anak uku daga can. Marubucin ba mantuwa ya yi ba, shi da masu sauraronsa sun san salon. Mu ma in maroƙi ya ce wa sarki ya gagari maza dubu, ba wanda ke tashi ya ƙirga.

Baba Istifanus: A'a Danladi, nan ban bi ka ba. Maganar Allah ba kirarin maroƙa ba ce. Maroƙi don a ba shi yake yi.

Malam Danladi: Allah ya huci zuciyarka Baba, misalin ne ya yi kaushi. Abin da nake nufi, in Linjila ta ce dukan Yahudiya sun fita wurin Yahaya Mai Baftisma, ba ka cewa ƙarya aka yi don an bar tsofaffi a gida. Ka san yadda mutane ke magana.

Baba Istifanus: Wannan na yarda. Amma a cire maroƙi.

Ustaz Kabiru: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu, na ga abin ya taɓo gonata. A wurinmu Allah ba ya saɓa alkawari, wannan ba abin muhawara ba ne, yana cikin Alƙur'ani a wurare da dama. Kuma labarin nan yana cikin Suratul Ma'ida, aya 20 zuwa 26. Annabi Musa, alaihis salam, ya ce wa mutanensa su shiga ƙasa mai tsarki da Allah ya rubuta musu. Suka ce akwai ƙarfafan mutane a ciki, ba za su shiga ba sai sun fita. Mutum biyu masu tsoron Allah suka ce ku dai ku shiga ta ƙofa, za ku yi rinjaye. Malaman tafsiri da yawa sun ce Yusha'u ɗan Nun ne da Kalib. Suka ƙi, har suka ce wa Annabi Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Sai aka haramta musu ita shekara 40 suna ɗimuwa. Kun ga an rubuta musu, kuma an hana su. Ba a ga karo a tsakani ba, domin rubutawar tana tare da biyayya. Kofa, game da maganarka ta Annabi Ibrahim, mu a Baƙara aya 124, da Allah ya ce zai sanya shi shugaba ga mutane, ya ce har da zuriyata? Aka ce masa alkawarina ba ya samun azzalumai.

Baba Istifanus: Allah gafarta Malam, yau kam mun hau mota ɗaya. Labarin 'yan leƙen asirin nan yana Littafin Ƙidaya 13 da 14, su 12, goma suka karya wa jama'a gwiwa.

Ustaz Kabiru: Ƙari kaɗan Baba. A Suratul Anbiya aya 105 an ce an rubuta a cikin Zabura cewa ƙasa bayin Allah salihai ne za su gaje ta. A A'araf 128 kuma Annabi Musa ya ce ƙasa ta Allah ce, yana gadar da ita ga wanda ya so.

Malama Rifkatu: Zabura 37:29 ke nan, adalai za su gaji ƙasar. Ta biyun kuma ta tuna mini Littafin Firistoci 25:23, kada a sayar da ƙasa har abada, gama ƙasar tawa ce, ku baƙi ne masu zama a wurina. Wannan ayar ban taɓa haɗa ta da darasin nan ba sai yanzu.

Kofa Ishaku: Amma Farawa 17:8 ta ce madawwamiyar mallaka. Har abada har abada ne. Shi ya sa kafa ƙasar Isra'ila ta yau a 1948...

Hajiya Binta: Kofa, tsaya nan. Ni ce mai kula da zauren nan, kuma kun san dokarmu. Tambayar yarinya a kan mutanen da ne, shekara dubu uku da suka wuce. In aka shigo da siyasar yau zan rufe zauren har safiya, gobe kowa sai ya kalli ɗan'uwansa a ɗakin malamai. A ci gaba a kan Joshuwa.

Kofa Ishaku: Tuba nake Hajiya. Na janye. Amma "har abada" ɗin tana nan.

Malama Rifkatu: Ƙanena, wannan kalmar mun sha wahalarta a makarantar tauhidi. A Ibraniyanci "olam" ce. Ita aka yi amfani da ita ga firistancin gidan Haruna a Fitowa 40:15. Ita ce kuma a Fitowa 21:6, bawan da ya ƙi 'yanci aka huda masa kunne a bakin ƙofa, zai bauta wa maigidansa "har abada", wato iyakar ransa. Kai kanka ba ka ce firistancin Haruna yana ci har yau ba. Ba na cewa kullum gajeren lokaci take nufi, in an faɗe ta a kan Allah ba ta da iyaka. Amma kalmar kaɗai ba za ta raba gardamar nan ba. Farawa 17 ɗin ma aya ta gaba ta ce kai kuma sai ka kiyaye alkawarina, kai da zuriyarka.

Baba Istifanus: Ni dai in za a ba yarinyar nan sura ɗaya, a ba ta Joshuwa 23. Tsoho yana ban kwana. A aya 4 da 5 ya ce ga al'umman da suka ragu, na raba muku su gado, Allah zai kore su. A aya 14 ya ce kun sani a ranku ko abu ɗaya bai faɗi ba. Baki ɗaya, zama ɗaya, ya faɗi duka biyun. Ashe shi bai ga saɓani ba. Abin da Allah ya ce zai yi zuwa ranar ya yi: ya fito da su daga Masar, ya haye da su Urdun, sarakuna 31 sun faɗi, ba sauran rundunar da za ta iya tsayawa a gabansu, kowace kabila ta san rabonta. Sai kuma aya 15 da 16, wadda masu wa'azi ba su cika son karantawa ba. Ya ce kamar yadda kowane alheri ya same ku, haka kowace masifar da ya faɗa za ta same ku in kun bi gumaka, har ku ƙare daga kyakkyawar ƙasar nan. Haka kuwa aka yi. Samariya ta faɗi a hannun Assuriya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Urushalima ta faɗi a hannun Babila a 586, aka ƙone Haikali. Wannan ma cika magana ce.

Malam Bitrus: Baba, nan ne fa nake samun damuwa, kuma ba don neman magana nake faɗa ba, ni ma ranar Lahadi ina majami'a. In sun samu ƙasa, mu ce Allah mai aminci. In sun samu rabi, mu ce su ne ba su shiga ba. In an kwashe su, mu ce ya cika gargaɗinsa. To wane abu ne da zai faru mu ce alkawarin ya faɗi? In babu, yaro mai kaifin kai zai ce mun shirya amsar ne tun kafin a yi tambaya.

Hajiya Binta: Wannan tambayar ta fi ta yarinyar zafi.

Baba Istifanus: Ta yi zafi, amma tana da amsa. Da sun tafi Babila sun narke, da alkawarin ya faɗi. Ina Mowabawa yau? Ina Ammonawa da Filistiyawan da? Babila ta bi ta kansu su ma, sannu a hankali suka ɓace a cikin wasu al'ummai. Littafin Firistoci 26:44 da 45 sun ce ko suna ƙasar maƙiyansu ba zai yashe su ƙaƙaf ba, zai tuna da alkawarin. Kuma akwai mutumin da ya sa kuɗinsa a kan wannan magana. Irmiya 32. Sojojin Nebukadnezzar sun kewaye Urushalima, shi Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara. Ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce saya gonata da ke Anatot, kai ke da hakkin fansa. Ka ji fa, gona a wajen gari, inda abokan gaba suka yi sansani. Ko wawa ba zai saya ba. Irmiya ya auna masa shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu. Ya miƙa wa Baruk ya ce a sa su a tulun yumɓu don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, a shekara ta gaba ya ba da izinin komawa. Ezra 2 ya ƙirga 42,360.

Malam Danladi: Tsakani da Allah Baba, sai an ƙara abu biyu. Na ɗaya, masana da yawa suna ganin littattafan nan daga Maimaitawar Shari'a zuwa Sarakuna an kammala tsara su ne a lokacin zaman Babila ko dab da shi, don haka mai shakka zai ce an rubuta gargaɗin bayan an ga abin da ya faru. Ba kowa ya yarda da su ba, amma ra'ayin yana nan da ƙarfi. Na biyu, waɗanda suka dawo galibi Yahuza da Biliyaminu da Lawiyawa ne. Kabilun arewa da Assuriya ta kwashe ba su dawo a matsayin kabilu ba. Kuma ƙasar da aka dawo cikinta ɗan lardi ne a ƙarƙashin Farisa.

Baba Istifanus: Na biyun gaskiya ne, ko da yake ba su ɓace duka ba, Hannatu annabiya da ke Haikali a Luka 2 'yar kabilar Ashiru ce. Amma ka ba ni makami da kanka. Su waɗanda ke zaune a ɗan lardin nan me suka ce? Nehemiya 9. A aya 8 suka ce wa Allah ka yi wa Ibrahim alkawarin ƙasa, ka kuwa cika, gama kai mai adalci ne. A aya 36 da 37 suka ce ga mu yau bayi ne a ƙasar da ka ba kakanninmu, amfaninta na sarakunan da ka ɗora a kanmu ne. Mutanen da abin ya shafa, masu biyan harajin, ba su ce an cuce su ba. Na farkon kuma, Danladi, ni da kai mun daɗe muna yinta, ba yau za mu gama ba.

Ustaz Kabiru: Farkon Suratul Isra'i ma ya kawo ɓarna biyu da hukunci biyu ga Bani Isra'ila, da mayar musu da ƙarfi a tsakani, sannan aka ce in kun koma mu ma mu koma. Sai da safenku, ina da karatun asuba.

Malam Bitrus: Allah ya tashe mu lafiya Ustaz. Saura ɗaya in kwanta. Duk mun yi ta maganar zuriya. Amma Farawa 13:15 ta ce zan ba ka, kai da zuriyarka. Shi Ibrahim ɗin me ya samu? Da Saratu ta rasu ko wurin binne ta ba shi da shi. Ku karanta Farawa 23 ku ji ciniki irin na kasuwar ƙauyenmu. Efron Bahitte ya ce haba ranka ya daɗe, na ba ka filin kyauta, har da kogon. Ibrahim ya rusuna ya ce a'a, a faɗi kuɗi. Efron ya ce fili na shekel 400, mene ne wannan tsakanina da kai? Wato ya faɗi farashi yana yi kamar bai faɗa ba. Ibrahim bai nemi ragi ba, ya auna a gaban jama'a a ƙofar gari. Mutumin da aka ce ƙasar duka tasa ce, kabari ya saya da tsada. Shi bai yi sanyin jiki ba, bai bi gumaka ba. Labarin gonar Baba bai rufe wannan ba.

Baba Istifanus: Bai rufe ba. Istifanas mai sunana ma ya faɗa a Ayyukan Manzanni 7:5, ba a ba shi ko inda zai sa tafin ƙafa ba. Amma an gaya masa tun a Farawa 15 cewa shi zai mutu da kyakkyawan tsufa, zuriyarsa su yi baƙunci shekara 400, sai tsara ta huɗu ta dawo, don muguntar Amoriyawa ba ta cika ba tukuna. Bai mutu yana zaton an yaudare shi ba. Ibraniyawa 11 ta ce sun hango daga nesa suka yi marhabin, suna neman ƙasa mafi kyau, ta sama. Sura 4 ma ta ce da Joshuwa ya ba su hutu na ainihi da ba a sake maganar wata rana ba.

Kofa Ishaku: To Baba ai kun dawo wurina. Da saura ke nan.

Baba Istifanus: Da saura, amma ba a bakin Yufiretis nake jiranta ba. Kai da awon igiya kake jira, ni ba da shi ba.

Malam Bitrus: Ni kuma har yanzu ina ganin in ka yi wa mutum alkawarin gona ka ba shi aljanna, ka yi masa abin da ya fi, amma gonar dai ba ka ba shi ba.

Malama Rifkatu: Kai Malam Bitrus! To na gode muku duka. Ga abin da zan yi ranar Alhamis. Zan raba su uku, wasu su karanta Joshuwa 13, wasu 21, wasu Mahukunta 1, sannan mu karanta 23 tare da murya. Yarinyar ita za ta karanta aya 4 da aya 14, in tambaye ta ko tana ganin tsohon ya manta abin da ya faɗa ne kafin ya kai ƙarshen zancensa. Maganar kabarin Saratu kuwa ba zan tsokano ta ba sai in ita ta tsokano. Malam Bitrus, ina roƙon aron taswirarka ta bango.

Hajiya Binta: Kuma a tuna tambayoyin jarrabawa ranar Juma'a nake karɓa. Masu ƙarfin rubutu da tsakar dare ba su da uzuri.

Malam Bitrus: Tana bayan kabad a ofis, Malama, ki aiko a ɗauka. Sai dai gara ta cinye kusurwar sama ta dama, daidai wajen Yufiretis.